Kwana Uku Kafin a Rataye Bindigar Kofur

Tun da na dawo daga ƙasar Gwaram, majalisarmu ta ƙofar shagon Alhaji Garba mai taya ba ta da zance sai nawa. Wani ya ce kirana aka yi in cire aljani daga cikin bindiga. Wani ya ce ai aljanin ni ya biyo, shi ya sa na rage surutu. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki nasa gutsuren ya tafi ya ƙara masa gishiri. Don haka ga shi nan a rubuce. Duk wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa, kamar yadda na saba yi wa 'yan aji kafin in yi ritaya.

Waya ce ta fara. Ranar wata Litinin da hantsi, ƙarshen damina, Kofur Haladu ya kira ni. Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon soja ne, mun haɗu a Kano lokacin ina koyar da kimiyya a wata makaranta kusa da barikinsu. Shi ya koya mini harbin takarda da bindigar iska, irin wadda ba ta cin albarushi. Wani murɗaɗɗen ƙarfe ne, sifirin, a cikinta yake tura iska, iskar ta tura ɗan harsashin dalma da bai kai ƙwayar wake ba. Ana kafa takarda a mita goma, da ɗigon baƙi a tsakiya. Kofur yakan zuba harsashi biyar a rami ɗaya, har ka rantse sau ɗaya ya harba. Ni kuwa nawa biyar ɗin sukan watse kamar an buga wa 'yan firamare ƙararrawar tashi. Da na ga hannu ba zai kai ni ko'ina ba, sai na koma wa abin da na iya, wato kwance bindiga da gano abin da ke damunta. Daga baya shi ya koma ƙauyensu a bayan Maruta da bindigarsa da takardun izininta, ni na dawo gida Birnin Kudu.

Bayan gaisuwa sai ya ce, "Ticha, kira na yi ka yafe ni. Abin da na sani da wanda ban sani ba."

Na ce, "Makka za ka?"

"A'a."

"Asibiti aka kwantar da kai?"

"Lafiyata ƙalau. Hannuna ne ya yi gaba."

Sai da na matsa masa sannan ya yi mini bayani. Gidansu gidan maharba ne tun zamanin kwari da baka. A wurinsu, idan namiji ya fara kuskure abin da ya auna, sai a fara ƙirga masa kwana. In an cika arba'in hannun bai dawo ba, sai a ce hannun ya riga shi zuwa lahira, saura gangar jiki ta bi. Ranar ta arba'in ana ba shi harbi uku a gaban mutanen gida. In ya kuskure, a toshe bakin bindigarsa da auduga a rataye ta a bango. Shi kuma ya bar gona, ya bar kasuwa, ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna jira.

Ya ce, "Kuma ba a daɗewa."

Na ce, "Kofur, ajali a hannun Allah yake."

"Na sani. Liman ma ya zo har gida ya faɗa mini, sau biyu. Amma takarda ba ta ƙarya, Ticha."

"Yau kwana nawa?"

"Talatin da shida. Juma'a ke nan."

Na ce kada ya bari kowa ya taɓa bindigar, ina nan tafe. Ya yi wata 'yar dariya da ban gane ba sai da na isa.

Talata da safe na zuba kayana a jakar da nake zuba takardun jarrabawa a da: sukundireba uku, sandar goge bututu, 'yan robobi, takardun auna, da sabon gwangwanin harsashi. A tasha na sami ƙaramar bas ta Gwaram saura mutum ɗaya, wanda a yaren 'yan kamasho yana nufin saura huɗu. Aka cusa ni kusa da wata Hajiya mai sayar da daddawa, da kwandonta a cinya, rabinsa a tawa cinyar. Kafin mu bar duwatsun garinmu a baya na san sunayen surukanta duka da laifin kowannensu. Mace ce mai daɗin hira, ba ta buƙatar amsa. Can ta tuna ni ma mutum ne, ta ce, "Malam, ina zuwa?"

Na faɗa mata ƙauyen, na faɗi gidan.

Ta ce, "Gidan masu zama?"

Ban taɓa jin sunan ba, amma na gane shi. Hajiya ta kau da kai. Ta janye kwandonta gaba ɗaya daga cinyata, abin da na yi ta fata tun daga tasha, amma da ya samu sai na ji ban so ba. Da za ta sauka ta ɗauko curin daddawa ɗaya ta danƙa mini, ba ta dube ni ba, ta ce, "A kai masa. Sadaka ce."

A iyakar ƙaramar hukumarmu da ta Gwaram akwai shingen 'yan sintiri, itace ɗaya a kan duro biyu. Aka ce kowa ya buɗe jakarsa. Wanda ya buɗe tawa ya girgiza gwangwanin ya ji ƙara, ya ce, "Wannan fa, Baba?"

Na ce, "Harsashi."

Nan take aka kewaye ni. Ya buɗe a hankali kamar mai buɗe tukunyar maciji, ya ɗauko ɗaya ya ɗora a tafin hannu, ya duba, ya dube ni. Ya ce, "Na harbin me? Sauro?" Aka bushe da dariya har direbanmu. Sai babbansu, wani dattijo mai hular sanyi a wannan zafin, ya matso ya leƙa. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Irin na Kofur ne. Ku rufe masa." Ya raka ni har ƙofar mota, ya rage murya ya ce, "Malam, ka ce masa Sale na shinge ya yafe masa. Shi ma ya yafe mini."

Daga Maruta sai acaba. Hanya ce 'yar siririya tsakanin dawa da ta fi mutum tsawo, ba ka ganin komai sai kara da sama. Akwai wani rafi da ba gada, ɗan acaban ya ce kada in sauka, shi ya san hanyarsa. Ya san ta kuwa, domin daidai inda ya ce akwai rami nan muka faɗa. Na ɗaga jakata sama na ceci ilimi, ruwa ya tafi da takalmina na dama. Da muka hango wata tsamiya sai ya kashe mashin ya ce nan zai tsaya. Na ce ai ga gidan can. Ya ce, "Ba a isa ƙofar da inji a kunne in ana ƙirga wa mutum. Ni kuma gaskiya ko a kashe ba na so." Haka na shiga gidan abokina da takalmi ɗaya, da daddawar sadaka a aljihu.

Na yi zaton zan tarar da majinyaci. Na tarar da ƙato yana faskare, ya fi ni ƙiba, ya fi ni haƙora. Ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Amma duk wanda ya shigo gidan sai ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa, ya gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa, ya nemi gafara, ya fita da baya. A garinmu in mutum ba shi da lafiya gida cika yake da hayaniya, kowa da maganin da ya warkar da ƙanin matarsa. A nan mutum lafiyarsa lau, amma ko kaji kamar an ja musu kunne.

Mai riƙe da al'adar gidan yayarsa ce, Yaya Tabawa, doguwar tsohuwa mai tafiya a hankali kamar tana ɗauke da ruwa a ka. Ita ke ƙirgar, kullum da asuba ta jefa ƙwayar gujiya ɗaya a ƙoƙo. Kada ku ɗauka muguwa ce. Ita ta goya shi, kuma tun da aka fara ƙirgar kullum da hannunta take yi masa dambun zogale, don shi ya fi so tun yana yaro. Gidan maharba ne, amma kwana huɗu ban ga tsoka ba, dambu da safe, dambu da rana, tuwon dawa da magariba. Ta karɓi daddawar Hajiya ba ta tambayi daga ina ba. Ta ce, "Malamin boko, an ce kai ne likitan bindiga. Ga ɗakinka."

Ɗakin baƙi shi ne ɗakin ratayar. A bango akwai baka biyu da aka sassauta wa tsirkiya, sai bindigogi biyar irin na da, harba-ka-ruga, kowace bakinta a ƙasa, an cusa mata auduga yadda ake yi wa hancin mamaci. Audugar farko ta yi baƙi, ta ƙarshe ja-ja. Kofur ya nuna mini su ɗaya-ɗaya kamar mai gabatar da dangi: ta Kaka, ta Baffa Ilu, ta Baba. A ƙarshen layin akwai sabon turke, itacen ko bushewa bai gama ba. Bai gabatar da shi ba. Na san kuna jiran labarin dare, to babu, barci na yi. Abin da zan ce kawai, da safe na lura na kwana da fuskata a bangon da ba kowa.

Laraba muka fara aiki a bayan gida, inda ya share fili ya auna mita goma tun shekarar da ya dawo. Soja soja ne, duk takardun da ya harba tun ranar farko suna nan a jere. Na baje su a tabarma kamar zan yi makin jarrabawa. Takardar auna tana da karatunta. In ramukan sun taru wuri ɗaya amma gefe, saiti ne ya goce, a murɗa shi a huta. In sun yi layi daga sama zuwa ƙasa, ƙarfin iskar ne ba ya daidaita. In sun watse ko'ina, to ko bindiga, ko harsashi, ko mutum. Takardun farko na Kofur sun ɗan buɗe ne kawai, kamar faɗin goro. Daga kwana na goma abin ya haukace, har wasu ba su sami takardar ba.

Na ce, "Me ya faru a kwana na goma?"

Ya ce, "Mutane suka fara taimako."

Nan na gane dariyarsa ta waya. Ya ɗauko bindigar. An naɗe bututun da layu uku, an ɗaure tam da fata. Na lanƙwasa bututun yadda ake ɗana irinta, na harba ɗaya a ƙasa. Ta yi ƙara kamar ta gaske, hayaƙi ya fito, wani ƙamshi ya tashi irin na tuwon suna. Na ce, "Wa ya ba ta man shanu?"

"Maƙwabcinmu. Ya ce bushewa ta yi. Wani kuma ya ƙara man keke."

Na yi masa bayanin da ya riga ya sani, don in ji daɗin bakina: iskar da sifirin ke matsawa tana zafi, in ta sami mai sai ya kama wuta, harbi ɗaya ya fita da ƙarfi, na biye ya fita da rauni. Ya ce ya sani. Na ce to me ya sa ya bari? Ya ce, "Mutum ya zo neman gafara da man shanunsa a hannu, ka ce masa a'a?"

Dokar aikin ɗaya ce, kada ka gyara abu biyu a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ne mai laifin ba. A gyara ɗaya, a harba biyar, a zagaye da biro, a rubuta. Ni ke harbin, a zaune, bindigar a kan matashi, don a fitar da hannun mutum daga lissafi. Kofur ya kawo turmi in ɗora, na ƙi. Bindigar sifirin tana motsi kafin harsashi ya fita, in ka ɗora ta a kan abu mai tauri sai ta yi tsalle yadda ta ga dama.

Na kwance ta na goge man. Na goge bututu har tsumma ya fito fari. Na sami wani noti na gaba ya saki, na ɗaure. Na barbaɗa garin dawa a mahaɗar bututu na harba, garin ya tashi, alamar iska na tsiyaya, na canja roba. Harsasansa kuwa a aljihu yake ajiye su tare da goro da makulli, rabinsu sun lotse, na kawar da su na buɗe sabon gwangwani. Kowane gyara, ramukan su ƙara matsowa kusa da juna.

Layun ne suka so su zama rigima. Yaya Tabawa tana zaune a kujerar tsuguno tun safe, tana kallon aikin har na kai hannu kansu. Ta ce, "Wannan ba naka ba ne."

Na ce, "Yaya, ba cirewa zan yi ba. Bututu yana rawa in an harba, ɗaurin yana hana shi rawar da ya saba. Ƙaura kawai za su yi zuwa ƙota."

Ta ce, "Su ma maƙwabta ne suka kawo. Mu gidan nan ba mu san laya ba, ƙirga muka sani."

Saura in duba leɓen bututu, inda harsashi ke fita, ko ya sami 'yar kaifi. Ana gane wannan da auduga, in ta maƙale akwai matsala. Na ce ko akwai 'yar auduga a gidan? Da na faɗa na so in haɗiye maganar. Ta kwance bakin zanenta ta ciro wani dunƙule fari tas, an riga an gurje shi an mulmula daidai bakin ƙaramar bindiga. Ta tsakuro kaɗan ta miƙo mini, ta mayar da sauran. Leɓen lafiya lau.

Da la'asar na harba biyar suka shiga wurin da farcen babban yatsa zai rufe. Ni, da hannun nan nawa. Na ce, "Kofur, ta warke. Bismillah."

Ya tashi ya tsaya tsayuwarsa ta da, wadda na yi shekaru ina kwaikwayo ban iya ba. Ya harba biyar. Muka je muka duba. Ɗaya a sama, biyu a hagu, ɗaya a gefen takarda, ɗaya babu. Yaya Tabawa ta ɗauki kujerarta ta shiga ciki. Ashe duk wahalar da na sha, abin da na yi shi ne na wanke bindigar daga zargi na bar mutumin shi kaɗai a gaban alƙali.

Alhamis da hantsi na ce ya sake, amma wannan karon ban kalli takarda ba, shi na kalla. Ƙafa daidai. Numfashi daidai. Yatsa yana jan kunama a hankali, ba fizga. Kan bindigar ko rawa ba ya yi. Abu ɗaya na gani: kafin ya harba yakan ɗan karkatar da kai, dama, hagu, kamar mai son ya hango wani abu ta bayan kafaɗar wani.

Na ce, "Wa kake leƙawa?"

Bai sauke bindigar ba. Ya ce, "Yana nan tsaye."

"Wa?"

"Mai farin kaya."

Rana tsaka, ga kaji suna tono, ga tabarma, ga biro a hannuna. Na dubi wajen takardar, ba komai sai katangar ƙasa. Duk da haka tsigar jikina ta tashi, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Ya ce, "Da farko daga nesa yake, kamar hayaƙi. Kullum yana matsowa. Yanzu ya rufe takardar, ta gefensa nake harbi. Baba ya gan shi. Baffa Ilu ya gan shi. Ba a faɗa wa bare."

"Yaushe yake zuwa?"

"In na ɗaga bindiga."

"In ka sauke fa?"

"Sai ya tafi."

Da ba don shekarun da na yi ina tambayar yara me ya canja tsakanin gwaji na ɗaya da na biyu ba, da a nan zan haɗa jakata. Me mutum yake yi in ya ɗaga bindiga wanda ba ya yi in ya sauke? Yana kanne ido ɗaya.

Na ce, "Ajiye ta. Sa tafin hannu ka rufe idon hagu."

Ya rufe. Ya ce, "Ticha, ga shi. Ba bindiga ma ya zo."

"To buɗe. Rufe na dama."

Ya daɗe a haka. Ya juya ya dubi katanga, ya dubi bishiya, ya dube ni. Ya ce, "Ba ya nan."

Na juya shi wajen haske na ɗaga fatar idon. Baƙin tsakiyar idonsa na dama ya yi fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa. Na ce, "Kofur, ba a gaban takarda yake tsaye ba, a cikin idonka yake. Yanar ido ce. Na hagun ne yake rufa maka asiri duk yini, sai ka kanne shi sannan ka ga abin. Ni ba likita ba ne, amma yayana an cire masa a babban asibitinmu, yanzu shi ke zura wa matarsa zare a allura."

Ya zauna a kan turmin nan, ya yi ta rufe wannan ido yana buɗe wancan, kamar mai wasa da jariri.

Na ɗauka magana ta ƙare. Muka kira Yaya Tabawa na maimaita mata darasin, har da zane a ƙasa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Na ji. Amma arba'in arba'in ce, likita ba ya cikin ƙirga. In aka ɗaga wa mutum ranarsa, kan wani take faɗawa. Haladu yana da 'ya'ya maza uku. Gobe zai yi harbinsa."

Na dubi Kofur ko zai yi gardama. Bai yi ba. Maganar 'ya'yan ta gama da shi. Na kuma san in aka rataye bindigar nan gobe, ko likitoci goma na kawo ba zai tashi daga tabarmar ba.

Na ce, "To ya harba da idon da ke gani."

Kofur ya ce, "Ido na hagu, kafaɗa ta hagu ke nan. Yatsa na hagu." Ya dubi hannun kamar na aro ne. "Hannun tsarki, Ticha? Da shi zan ce bismillah in ja kunama? Ina yaro in na miƙa shi karɓar abu Yaya ce ke buge shi da muciya."

Ta ce, "Kuma ban yi nadama ba."

Na ce, "Ba abinci za ka ci ba, ba yanka za ka yi ba. Yaya, al'adar ta ce da wace kafaɗa?"

Ta yi tunani mai tsawo, tsakani da Allah, kamar mai bin layin kakanni tana tambayar kowa. Ta ce, "Ba a hana ba. Ba a taɓa zaton ɗan gidan nan zai yi ba, shi ya sa."

Muka wuni a kai. An sassaƙa ƙotar don kuncin dama, sai da na naɗa mata tsumma. Goman farko ko takarda ba su gani ba, yatsan ya ƙi jin magana, yana fizga kamar na sabon ɗan kurtu. Ya yi ta zagin hannun da turancin bariki. Da azahar suka shiga faɗin tafin hannu. Kafin magariba suka dawo faɗin goro. Abin da za a ba shi ya harba kuwa wuri ne guda ɗaya, irin na kuɗin da, rataye da zare, kuma wuri bai kai goro ba.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci mutane suka jeru a jikin katanga, maza a gaba, mata daga bakin ƙofa, ba mai tari. Yaya Tabawa ta ɗaura wurin a reshe, ta auna taku da ƙafarta, ta ja layi. Ta ajiye harsashi uku a faifai. Da Kofur ya kai bindigar kafaɗar hagu sai wani gunaguni ya bi layin, wani tsoho ya ce a'uzubillahi a fili. Iska tana ɗan kaɗa wurin. Ya jira. Ya daɗe yana jira.

Na so in ce muku sai a harbi na uku ya samu, don labari ya yi daɗi. Na farko ne. Wani ɗan ƙas, wurin ya tarwatse, zaren ya rage yana lilo shi kaɗai.

Ba wanda ya yi kabbara, ba wadda ta yi guɗa. Mutane suka tsaya suna kallon ƙasa, irin tsayuwar waɗanda suka zo jana'iza aka ce musu a koma gida. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale. Mai man shanu ne kaɗai ya zo ya ba shi hannu, ya ce, "To, sai gobe a gona." Kofur ya ce, "In sha Allahu." Sannan ya dubi faifan ya ce, "Yaya, saura biyu." Ta ce, "Ajiye, kada ka yi mana fariya."

Asabar da safe ya ba ni takalmansa na soja, sun yi mini yawa, ya ce zai zo Birnin Kudu ganin likita da zarar ya gama yankan gero. Ya so ya raka ni, Yaya Tabawa ta ce ya tafi gonarsa, ita za ta kai ni tsamiya. Muka tafi a hankali, ita a gaba. Da muka isa, kafin ɗan acaba ya iso, ta juyo ta fuskanci rana ta ce, "Malam, duba mini nawa idon."

Na duba. Duka biyun ne, kuma sun fi nasa nisa.

Ta ce, "Shekara huɗu mai farin kayan yana gabana, ni ko kanne ido ba sai na yi ba. Na ɗauka jira yake in gama da Haladu. In za ka karɓo masa katin asibiti, ka karɓo biyu."

Na ce to, da farin ciki. Na fara yi mata bayanin yadda aikin yake, ba ya daɗewa, ba ciwo sosai. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

Ta ce, "Ba shi nake tambaya ba. Wannan cirewar da ake yi a asibitinku, lokacin Babanmu ana yin ta?"

Na dubi takalman Kofur a ƙafata.

Ta ce, "Ni na toshe tasa, da hannun nan. Bai kai shekarun Haladu ba. Wata biyar ya yi a zaure, yana jin mutane suna wucewa gona, yana gane kowa da takunsa."

Na san amsar. Asibitin yana nan tun kafin a haife ni, kuma ko a lokacin motar haya tana zuwa. Na yi rayuwata ba a taɓa yi mini tambaya a gaban allo na rasa abin cewa ba, ko na sani ko ban sani ba. Na ce, "Allah ne masani, Yaya."

Ta ce, "Allah ne masani. Kai ma ka sani."

Ta juya ta kama hanyar gida, hannunta ɗaya yana shafar karan dawa don ta gane inda hanyar ta bi.